Ingarman Yennenga da Labarin Sarauniya: Abin da Muka Gani a Bikin Finafinan Wagadugu



Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, muna zaune a zauren mai gida ana jiran wasu masu ƙara, sai wani jikansa ya shigo riƙe da waya yana kallon fim na Faransanci. Mai gida ya tambaye shi abin da mutanen suke faɗa, yaron ya ce shi ma bai sani ba, hotunan kawai yake bi. Dattawa suka yi dariya. Mu kuwa da muka ba hamsin baya dariyar ba ta yi nisa a bakinmu ba, domin ta tuna mana da wani dare a Wagadugu cikin shekarar 1987, lokacin da mu ma muka zauna muna bin hotuna, alhali labarin da ake bayarwa na Hausawa ne. Da muka ba da labarin wannan dare, mai gida ya ce a rubuta shi tare da tarihin da ya kewaye shi, don yara su karanta. Umarninsa muke cikawa.

Sai mu fara da hanya. Daga Tamale zuwa Wagadugu bai kai kilomita 400 ba, alhali zuwa Ankara ya haura 600. Mutum zai bi ta Savelugu da Walewale da Bolgatanga da Navrongo, ya tsallaka iyaka a Paga, ya ratsa Po, sai ga shi a babban birnin Mosawa. Kakanninmu fatake sun san ƙasashen nan tun kafin a san mota, suna sauko da kanwa da tufafi da jakuna daga Kano da Katsina, suna komawa da goron Gwanja daga Salaga. Da yaƙin basasar Salaga ya watsa kasuwar a 1892, zuriyarsu ta bazu zuwa Yandi da Karachi da Kumasi, daga baya kuma Tamale, bayan Turawan Ingila sun dawo da hedikwatarsu ta arewa nan daga Gambaga a 1907. A tsakanin waɗannan shekaru ne, a 1898, Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka ja layin da ya zama iyakarmu ta arewa. Layin bai hana goro da shanu wucewa ba, amma ya raba 'ya'yan uwa ɗaya zuwa makarantu biyu: na wannan ɓangare suka koyi Ingilishi, na wancan suka shiga lakwal suka koyi Faransanci. Hausa ce ta rage a tsakani tana haɗa su.

Yadda makaranta ta rabu, haka sinima ta rabu. A ɓangarenmu, Turawan Ingila sun kawo motar majigi, wadda ke yawo gari gari tana nuna tsabtar gida da noman zamani da labarin yaƙi. Iyayenmu sun kalle ta a filin kasuwa suna zaune a kan tabarmi, wani tafinta yana bayani ta lasifika. Bayanta aka buɗe gidajen sinima, a nan Tamale muka taso muka tarar da Rivoli da Victory, inda ake nuna finafinan Indiya da na kaboyi da na 'yan Sin masu faɗa da hannu. Malamanmu na allo ba su taɓa yarda da waɗannan gidaje ba, kuma da yawa daga cikinmu sun sha bulala a kansu. A ɓangaren Faransa kuwa, an kafa doka a 1934, wadda ake kira da sunan ministan mulkin mallaka Pierre Laval, ta hana kowa ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa ke mulka sai da izinin hukuma, izinin da a aikace ba a ba baƙar fata. Shi ya sa Paulin Vieyra da abokansa, da suka so yin fim a 1955, sai a birnin Paris suka ɗauke shi, suka sa masa suna Afrique sur Seine. Bayan samun 'yancin kai a 1960, ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa ta buɗe ofishin sinima a 1963, tana ba masu shirya fim na Afirka kuɗi da kayan aiki, ana kuma kai finafinan Paris a tace su a haɗa. Wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓar take. Ko da 'yan wasa sun yi magana da Wolof ko Zabarmanci ko Bambara, fassarar da ke gudana a ƙasan hoto da Faransanci take. Wannan shi ne asalin abin da ya sa finafinan maƙwabtanmu suke zo mana a rufe.

Shekarar 1969 shekara ce da babu gidan zango a Gana da ya manta da ita. A watan Fabrairu, wasu masu son sinima a Wagadugu, ƙarƙashin shugabancin wata ma'aikaciyar talabijin, Alimata Salembéré, suka shirya makon nuna finafinan Afirka, ƙasashen Afirka biyar suka halarta, ciki har da Nijar da Sanagal. Manufarsu ita ce mutanen Afirka su ga fuskokinsu a majigi, domin a lokacin kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da gidajen sinima, kuma abin da suka ga dama suke kawowa. A farkon 1970 gwamnatin Janar Sangoulé Lamizana ta karɓe gidajen daga hannunsu. Mu kuwa a nan, ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi, ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Wasunmu a goye muke lokacin, amma mun tashi muna jin yadda aka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, yadda manyan motoci suka yi jerin gwano zuwa iyaka, da yadda aka raba wa da ƙane. Kenan a shekara guda wani gari yana buɗe ƙofa ga labaran Afirka, wani yana rufe ta ga 'ya'yan Afirka. An yi ta rubutu da hotuna a kan abin da ya faru a Wagadugu. Abin da ya faru da mu kuwa a bakin tsofaffi ya zauna.

A 1972 aka mayar da makon ya zama biki na hukuma mai suna FESPACO, aka kuma sa babbar kyauta da ake kira Étalon de Yennenga, wato Ingarman Yennenga: siffar mace a kan doki ya yi tsaye da ƙafafun baya, tana riƙe da mashi. A nan ya kamata mutumin Tamale ya buɗe kunne. Yennenga, a labarin da Mosawa suka gada, 'yar sarkin Gambaga ce, jaruma mai jagorantar mayaƙan ubanta. Doki ya yi daji da ita zuwa arewa, ta haɗu da wani maharbi, ta haifi ɗa aka sa masa Wedraogo, ma'ana ingarma, kuma daga gare shi sarakunan Mosawa suka fito. Dagwamba da Mamprusi da Nanumba da Mosawa duk tsatso ɗaya suke lissafawa, makaɗan Dagbon ma suna kai asalin gidan zuwa wani jan maharbi, Tohazie, wanda ake cewa ya fito daga gabas ta wajen Zamfara. Ashe babbar kyautar sinimar Afirka sunan 'yar wannan yanki namu take ɗauke da shi, mu kuwa da yawanmu ba mu sani ba.

Wanda ya fara cin ta ɗan Nijar ne, Umaru Ganda. Tsohon sojan Faransa ne da ya yi yaƙin Indocin, ya dawo ya zama lebura a tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda Bafaranshe Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un Noir na 1958. Daga nan ya koyi sana'ar ya tsaya da ƙafarsa. Fim ɗin da ya ci kyautar, Le Wazzou polygame, da Zabarmanci aka yi shi, kuma labarin wani alhaji ne da ya dawo daga Makka ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ta zama matarsa ta uku, abin ya ƙare da zubar da jini. Ganda Musulmi ne yana magana da Musulmi a kan yadda ake fakewa da rawani a ci zalin marar ƙarfi. Ya rasu a ranar farko ta shekarar 1981.

To, ga yadda muka je. A watan Fabrairun 1987 mu uku ne samari, ɗalibai masu karatun Iziyya da Risala, muka raka kawunmu da ya kai goro Wagadugu zai dawo da shanu. Zamanin Rawlings da Sankara ne, shugabannin biyu aminai, tsallaka iyaka ba wuya. Muka sauka gidan mai masaukinsa a Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar birni, inda ladan da mai shayi da mai yankan farce duk da Hausa suke magana, har mutum ya manta ya bar gida. Muka tarar gari ya cika ya batse, tutoci ko'ina, baƙi farare da baƙaƙe, babura kamar fari. Aka ce mana bikin finafinai ne karo na goma. Ɗan mai masaukin, sa'anmu ne da ya yi lakwal, ya ce akwai wani fim da dole mu gani, sunansa Sarraounia. Muka ce ya maimaita. Ya ce Sarauniya dai, irin tamu. Bayan sallar isha'i muka sulale, ba tare da kawu ya sani ba.

Layi ya yi tsawo, sai da muka yi fiye da awa guda kafin mu shiga. Da fim ya fara, sunaye suka riƙa dukan kunnenmu: Sarauniya, Dawa, Lugu, Azna. Muka gyara zama muna jiran Hausa. Hausa ba ta zo ba. Mutanen Sarauniya da harshen Jula suke magana, hafsoshin Turawa da Faransanci, rubutun ƙasan hoto shi ma Faransanci. Abokinmu ya zauna a tsakiyarmu yana fassara mana cikin raɗa, rabin magana ta wuce kafin ya kamo ta, na bayanmu suna tsaki suna cewa mu yi shiru. Idan 'yan kallo suka fashe da dariya, sai bayan sun gama mu kuma mu fara tamu. Duk da haka mun ga abin da ba ya buƙatar tafinta: garuruwa suna ci da wuta, mata da yara ɗaure cikin igiya, da wata mace da ta tsaya a kan ganuwar garinta ta ƙi miƙa wuya. Lokacin da sojojin haya suka juya bindigoginsu kan iyayen gidansu, gidan sinima ya ɗauki sowa, mu ma muka miƙe tsaye ba mu san mun miƙe ba.

Sai daga baya muka san tarihin dalla dalla. A 1899 rundunar kyaftin biyu da Faransa ta tura, Voulet da Chanoine, ta tashi daga kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi. Duk inda suka bi sai toka da gawa, kuma kisan da suka yi a Birnin Konni yana daga cikin mafi muni a tarihin shigowar Turawa ƙasar Hausa. A watan Afrilu suka auka wa Lugu a ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu da maharbanta suka tare su, sannan suka janye cikin kurmi ba tare da an kama ta ba. Da labarin ta'asarsu ya kai Paris, aka aiko Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli, kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe su biyun a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Dalilin sowar mutanen Wagadugu ma ya fito fili: Voulet ɗin nan shi ne ya ci birninsu a 1896, ya kori Mogho Naba Wobgo, wanda ya yi hijira zuwa arewacin ƙasarmu ya rasu a nan a 1904. Marubuci ɗan Nijar Abdullahi Mamani ne ya mayar da labarin littafi da Faransanci a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986. A Nijar aka shirya ɗaukarsa, amma hukumomin can suka janye ana dab da farawa, Burkina ta Sankara ta karɓi aikin, aka ɗauki 'yar ƙasar, Aï Keïta, ta fito a matsayin Sarauniya. Ta haka labarin Hausawa ya fita duniya da bakin wasu. Fim ɗin ne ya ci Ingarman Yennenga a wannan shekara. Wata takwas bayan haka, ranar 15 ga Oktoba, aka kashe Sankara.

A hanyar dawowa, muna bayan mota tare da shanu, gardama ta kaure a tsakaninmu, kuma har yau ba mu ƙare ta ba. Ɗayanmu ya ce fim ɗin ya ci mutuncinmu, domin ya ɗaukaka mai tsafi, ya nuna sarakunan Musulmi suna jan ƙafa ko suna neman shiri da Nasara. Ya ce ina labarin Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ƙi zama ƙarƙashin Turawan Ingila har ya yi shahada a Burmi a 1903? Na biyu ya ce gaskiya ɗaya ba ta soke wata: Attahiru ya tsaya, Sarauniya ma ta tsaya, akwai kuma waɗanda suka ba Turawa jagora da hatsi daga kowane ɓangare, kuma wanda aka ƙone masa gari ba a tambaye shi addininsa ba. Kawu, wanda ashe ya san inda muka je tun daren, ya bari muka gaji sannan ya ce mana: waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma in mai ita ya yi shiru, kada ya zargi wanda ya rera ta da muryarsa. Bai yi mana faɗan sinima ba. Wannan magana ta fi mana bulala zafi.

Bayan shekara biyu, a 1989, kyautar ta zo Gana. Kwaw Ansah ya ci ta da Heritage Africa, karo na farko da ta je ƙasa mai amfani da Ingilishi. Labarin wani ma'aikacin mulkin mallaka ne, Kwesi Atta Bosomefi, wanda ya mayar da sunansa Quincy Arthur Bosomfield, ya kuma ɗauki kayan gadon gidansu ya miƙa wa gwamna Bature don neman fada. Sai dai a daidai lokacin zamanin manyan gidajen sinima yana ƙarewa. Bidiyo ta shigo, William Akuffo ya fitar da Zinabu a 1987, 'yan Tumbin Giwa a Kano suka fitar da Turmin Danya a 1990, a 1996 kuma aka sayar wa wani kamfanin Malesiya kashi 70 cikin 100 na kamfanin finafinan gwamnati da Nkrumah ya kafa. Kaset ɗin Kano suka cika Aboabo da ɗakunan iyayenmu mata, 'yan uwanmu Dagwamba su ma suka kafa tasu sana'ar fim da harshensu a nan Tamale. Ba ma raina finafinan Kano, domin sun riƙe wa 'ya'yanmu Hausa a lokacin da makaranta da titi suke janye ta daga bakinsu. Amma labarin Kano suke bayarwa. Babu Salaga a ciki, babu 1969, babu zango.

Abin mamaki, tsofaffin hotunan rayuwar baƙi 'yan arewa a ƙasar nan suna cikin finafinan Faransanci. Jean Rouch ya ɗauki Jaguar a tsakiyar shekarun 1950, aka fitar da shi a 1967: samari uku daga Nijar, Damure Zika da Lam da Illo, sun taho neman kuɗi, ɗaya ya shiga aikin katako a Ankara, ɗaya dako a bakin teku, ɗaya kasuwar Kumasi, daga bisani suka haɗu suka kafa tebur. Wanda ya kalle shi zai ga kasuwa da tasha da 'yan kayakaya kamar yadda kakanninmu suka san su. Usman Sembène na Sanagal ya taɓa zargin Rouch da kallon 'yan Afirka kamar ƙwari, kuma zargin yana da tushe, musamman a kan Les Maîtres fous, fim ɗinsa na 'yan Hauka a Ankara, wanda Turawan Ingila suka hana nunawa a nan. Amma hoton yana nan, namu kuwa babu. Zangouettin da ta sauke mu ma babu ita: a 2003 aka rushe ta don gina unguwar kasuwanci, aka kwashe mazaunanta zuwa bayan gari. Wanda ya je yau ba zai gane inda masallacin da muka yi isha'i yake ba.

Ba a ce Hausa ba ta iya ɗaukar babban fim ba. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka ɗauka ya ɓata, aka gano shi a ma'ajiyar hukumar finafinan Nijeriya, aka gyara shi aka nuna a Balin a 2018. A'isha Macky 'yar Damagaram ta yi Zinder a 2021 a kan samarin unguwar Kara-Kara, da Hausarsu suke magana, kuma ya zaga bukukuwan duniya, Turawa ne wannan karon suke bin rubutun ƙasan hoto. FESPACO kuwa tana nan, ana yin ta duk bayan shekara biyu a shekarun mara, tafiyar yini guda daga ƙofar gidajenmu, ko da yake rashin tsaro a Burkina ya sa tafiyar tana buƙatar shawara da lura.

Waɗanda suka ga korar 1969 da idonsu suna manya yanzu sun haura saba'in da biyar, kuma kowace damina muna binne wasu. Mun lissafa a littafin zaure, a unguwarmu kaɗai waɗanda za su iya ba da labarin da cikakken hankali ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wayar da yaron nan yake kallon fim da ita ta fi kyamarar da Rouch ya yi yawo da ita ƙarfi nesa ba kusa ba. Saboda haka mai gida ya amince a ware yammacin kowace Asabar, samari biyu ko uku su je gidan dattijo ko dattijuwa ɗaya, da izininsu da na iyalinsu, su zauna da ladabi su ɗauki labarinsu da Hausarsu ta zango yadda take, ba gyara: daga ina kakansu ya zo, wace hanya ya bi, wa ya sauke shi, wa aka kora, wa ya dawo. Za a ajiye kwafi ɗaya a zaure, ɗaya a gidan mai labarin. Wanda ya yi lakwal ko ya iya Faransanci a cikinku, muna neman taimakonsa ta wata fuskar: muna so mu nemo Sarraounia da Jaguar mu kalla tare a farfajiyar makaranta, a tsayar da fim a fassara a tsanake, ba cikin raɗa ba, dattawa kuma su faɗi inda aka yi daidai da inda aka kauce. Mai sha'awa ya same mu a zaure bayan la'asar.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka bi hanyar goro, ya jiƙan kawu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.